Tarihin Branch Rickey, Gwanin Cinikin 'Yan Wasan Besbol a Amurka

A watan Afrilun shekara ta 1938 ne ƙungiyar besbol ta St. Louis Cardinals ta sallama gwarzonta Dizzy Dean ga Chicago Cubs a kan dala dubu 185 haɗe da 'yan wasa uku. Shi dai Dean mai jefa ƙwallo ne da ya ci wa Cardinals wasanni 30 a 1934, to amma tun daga raunin da ya ji a yatsan ƙafa a 1937 ya sauya yadda yake jifa, har hannunsa ya samu matsala. Ko da yake ya taimaka wa Cubs ta kai wasannin ƙarshe a 1938, wasanni 16 kacal ya ci mata a duk zamansa, alhali ɗaya daga cikin mutum ukun, Curt Davis, ya ci wa Cardinals 22 a shekara ta 1939 kaɗai.

Mutumin da ya ƙulla wannan ciniki shi ne Branch Rickey, wanda ya yi suna wajen rabuwa da ɗan wasa tun farashinsa bai faɗi ba.

Besbol dai wasa ne na ƙungiyoyi biyu masu mutum tara-tara, inda wani ke jefa ƙaramar ƙwallo, abokin hamayya kuma ya doke ta da kulki ya ruga ya zagaya fili. An saba musayar 'yan wasa a cikinsa, a ba da mutum guda a karɓi da yawa, wani lokaci da cikon kuɗi.

An haifi Wesley Branch Rickey ranar 20 ga watan Disamba na 1881 a jihar Ohio, a gidan manoma mabiya ɗarikar Methodist. Ba ya wasa ranar Lahadi, abin da ya sa ya rasa gurbi a ƙungiyar Cincinnati Reds a 1904. Bai yi wani abin a zo a gani ba a matsayin ɗan wasa, sai ya koma karatun lauya a Jami'ar Michigan, daga bisani kuma ya shiga harkar gudanar da ƙungiyoyi, ya kama aiki da Cardinals a 1917.

Ya tarar da ƙungiyar cikin talauci. A wancan zamani ƙananan kulob-kulob na garuruwa masu zaman kansu ne, kuma duk matashin da ya yi fice a cikinsu wanda ya fi tayi ake sayar wa. Da zarar an ji Rickey ya sa ido a kan wani yaro, sai masu kuɗi irin su New York Giants su ɗauke shi. Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce sayen hannun jari a ƙananan kulob-kulob ɗin kansu, irin su na Houston da Syracuse, daga baya kuma Rochester da Columbus, domin su zama gandun renon 'yan wasa. Ya riƙa shirya sansanonin gwaji, yana ɗaukar samari masu yawa a kan albashi kaɗan, bisa lissafin cewa cikin yawa ba za a rasa gwanaye ba. Abin da ya fi dubawa shi ne gudu da ƙarfin jifa da ƙarfin duka. Ya zuwa 1940 ƙananan kulob-kulob sama da 30 ne ke ƙarƙashin Cardinals.

Wannan gandu shi ne ya ba shi ƙarfin halin sayar da manya, domin kusan kowane gurbi akwai matashin da ke jira. A 1940 ya tura Joe Medwick zuwa Brooklyn, a watan Disambar 1941 kuma Johnny Mize zuwa Giants a kan dala dubu 50 da mutum uku. A nan lissafinsa bai yi daidai ba, domin Mize yana da sauran ƙarfi, har ya fitar da ƙwallo bayan katangar fili sau 51 a 1947, mutum ukun kuwa ba su tsinana wani abin kirki ba. Duk da haka Cardinals ta ci wasanni 106 a 1942, ta kuma doke New York Yankees a gasar World Series da 'yan gida irin su Stan Musial da Enos Slaughter da Marty Marion. Karo na huɗu ke nan da ta zama zakara a zamaninsa, bayan 1926 da 1931 da 1934.

To sai dai tsarin bai rasa masu suka ba, kuma suna da hujja. Dokar wasan ta lokacin ba ta bai wa ɗan wasa damar barin ƙungiya don raɗin kansa ba, saboda haka saurayi kan shafe shekaru a ƙaramin kulob, ba a ɗaukaka shi ba, ba a kuma sake shi ba. Bugu da ƙari Rickey yana da kaso a cikin ribar da ake samu, kuma ya yi ƙaurin suna wajen matse albashi. A 1938 shugaban hukumar wasan, Kenesaw Mountain Landis, ya saki sama da 70 daga cikin yaran Cardinals saboda keta ƙa'ida.

A ƙarshen 1942 Rickey ya koma Brooklyn Dodgers, inda ya yi aikin da duniya ta fi saninsa da shi. A 1945 ya ɗauki Jackie Robinson, wanda ranar 15 ga Afrilun 1947 ya karya shingen da ya hana baƙaƙen fata shiga babbar gasar tun ƙarni na 19. Imaninsa ya taka rawa a nan, haka ma idonsa na ɗan kasuwa, domin ya ga tarin gwanayen da sauran ƙungiyoyi suka ƙi taɓawa. Ko kwabo bai biya Kansas City Monarchs, ƙungiyar baƙaƙen fata da Robinson ya fito daga cikinta ba.

Bayan ya sayar da hannun jarinsa ga Walter O'Malley a 1950, ya karɓi aikin farfaɗo da Pittsburgh Pirates bisa kwantiragin shekaru biyar, kuma a nan ne dabararsa ta gamu da jarrabawa mafi tsanani. Kadara guda ƙungiyar take da ita, wato Ralph Kiner, wanda ya jagoranci rukuninsu wajen fitar da ƙwallo bayan katanga shekaru bakwai a jere, daga 1946 zuwa 1952, kuma shi jama'a ke zuwa kallo. Rickey kuwa gani yake Kiner ba shi da gudu, ba shi da ƙarfin jifa, ga albashi mai tsoka. Bayan Pirates ta sha kaye sau 112 a 1952, ya rage masa albashi, sannan a watan Yunin 1953 ya tura shi Chicago Cubs tare da mutum uku, ya karɓi mutum shida da dala dubu 150.

Game da Kiner hasashensa ya tabbata, domin ciwon baya ya sa ya yi ritaya bayan kakar 1955. Amma cikin shidan babu wanda ya zama ginshiƙi, kuma wannan karon babu gandun da ya nuna wanda zai cike giɓin. Pirates ta sake shan kaye fiye da sau 100 a 1953 da 1954, 'yan kallo suka ƙaurace wa fili, kuma tana matsayi na ƙarshe Rickey ya sauka a 1955.

Waɗanda suka ɗaga ƙungiyar daga baya ta wata ƙofa suka shigo. An ɗauko Dick Groat daga Jami'ar Duke a 1952, Bill Mazeroski kuma yana ɗan shekara 17 a 1954. A watan Nuwamba na wannan shekara Rickey ya zaɓo Roberto Clemente ɗan Puerto Rico daga ƙaramin kulob ɗin Dodgers a kan dala dubu 4 kacal. Da su, da waɗanda magajinsa Joe L. Brown ya ƙaro, Pirates ta doke Yankees a World Series na 1960, kuma Mazeroski ne ya yi bugun da ya rufe gasar.

Rickey ya koma Cardinals a matsayin mai ba da shawara daga 1962 zuwa 1964. A watan Nuwamban 1965 ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar jawabi a birnin Columbia na jihar Missouri, ya kuma mutu ranar 9 ga Disamba yana da shekaru 83. An sanya sunansa a zauren gwarzayen besbol da ke Cooperstown a 1967.