Kazimiera Bujwidowa (1867–1932) da Ƙofar Jami'ar Krakow

An haifi Kazimiera Bujwidowa a Warso a 1867, lokacin da birnin ke ƙarƙashin mulkin Rasha, jami'a kuma haramun ce ga mata. Abin da ta samu na ilimi mai zurfi a ɓoye ta same shi, a darussan sirri da ake kewayawa da su gida-gida don kauce wa idon hukuma. A 1886 ta auri Odo Bujwid, masanin ƙwayoyin cuta, kuma jigo a harkar Esperanto, harshen da Zamenhof ya ƙirƙira don sada al'ummu. A 1893 suka koma Krakow, wadda ke hannun Austriya.

A can ne aikinta ya fito fili. Maimakon ta tsaya kuka da dokar, sai ta iza mata su riƙa aika takardun neman shiga Jami'ar Jagiellonia, har hukumar ta rasa hanyar kau da kai. A 1894 aka karɓi mata uku a fannin harhaɗa magunguna, a matsayin masu sauraro kawai. A 1897 aka buɗe musu tsangayar falsafa. A ganina, hangen nesanta ya fi bayyana a wani wuri: ta gane cewa buɗe ƙofa ba ya wadatarwa idan babu 'yan matan da suka cancanci shiga, don haka ta sa hannu wajen kafa sakandaren 'yan mata ta Krakow a 1896.

Ta ga matan Poland sun sami 'yancin zaɓe a 1918. Ta rasu a Krakow a 1932.