Regnier de Graaf: Likitan da ya ga gidan ƙwai bai ga ƙwan ba

Duk matar da aka yi wa hoton ciki don a ga ko ƙwanta ya kusa fita, abin da likita ke dubawa wata 'yar jaka ce mai ruwa a jikin ma'ajiyar ƙwai. Har yau likitoci na kiran wannan jaka, idan ta nuna, da sunan Regnier de Graaf, wani likita ɗan ƙasar Holan da ya rasu yana da shekara 32 kacal.

An haife shi a garin Schoonhoven a 1641. Ya yi karatu a Utrecht da Leiden, ya karɓi digirin likita a Angers ta Faransa a 1665, sannan ya zauna a Delft yana duba marasa lafiya. Kasancewarsa ɗan Katolika a ƙasar da Furotesta ke mulki ya toshe masa hanyar zama farfesa, don haka ya yi bincikensa a gefen aikin likitanci.

A 1668 ya wallafa littafi kan gaɓoɓin haihuwa na maza, inda ya nuna cewa 'ya'yan maraina ba dunƙulen nama ba ne, siraran bututu ne da suka nannaɗe kamar zare. Amma littafinsa na 1672 kan gaɓoɓin mata shi ya ɗaukaka sunansa. A lokacin, masana da dama na ɗaukar ma'ajiyar ƙwai tamkar marainan mace. De Graaf bai tsaya musu ba, ya koma ga zomaye. Yakan bari su yi barbara, sa'an nan ya feɗe su a lokuta daban-daban, wata bayan sa'o'i, wata bayan kwanaki. Ya ga jakunkunan nan sun fashe, kuma adadin waɗanda suka fashe yakan yi daidai da adadin 'yan ƙwayoyin da ya tarar a bututun da ke kaiwa mahaifa. Hujja ce mai ƙarfi cewa mace na ba da nata kason a halittar ɗa, ba gona ce kawai da ake zuba wa iri ba.

A nan kuma ya yi kuskure. Ya zaci jakar ita ce ƙwan, duk da ya lura cewa abin da ke cikin bututu ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai a 1827 Karl Ernst von Baer ya ga ainihin ƙwan, a jikin karya.

Littafin ya jawo masa rigima. Tsohon abokin karatunsa, Jan Swammerdam, ya zarge shi da cin gumin wasu, har maganar ta kai gaban ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan. De Graaf ya rubuta martani mai zafi a 1673, kuma ya rasu a watan Agustan shekarar.

Watanni kaɗan kafin rasuwarsa, ya aika wa ƙungiyar wasiƙa yana gabatar da wani mai sayar da yadi a Delft, wanda ke ƙera gilashin ƙara girman ƙananan abubuwa. Mutumin shi ne Antonie van Leeuwenhoek, wanda a 1677 ya bayyana ƙwayoyin maniyyi.