MARIGAYI ALHAJI MAMMAN SHATA DA KALANGUNSA

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Ba gadon kiɗa ya yi ba. Mahaifinsa, Malam Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya shiga roƙo ba ko kaɗan, gama a wancan zamani ana ganin roƙo abin kunya ne ga wanda bai gada ba. Shata ya fara da tallar goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi kurum. Daga baya ya zauna Bakori, ya zauna Kano, ya kuma kafa gida a Funtuwa.

Abin da ya kamata masu karatu su lura da shi, shi ne irin gangar da ya zaɓa. Bai ɗauki taushi ko kotso na makaɗan fada ba, sai kalangu, watau kiɗan mahauta da na 'yan mata. Duk wanda ya taɓa tsayawa rumfar pawa a kasuwar Makarfi ko ta Ikara ya san muryarsa. Kalangu kuwa ganga ce mai magana. Makaɗi yakan rataye shi a hammata, in ya matsa tsarkiya sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. To, Hausa ma haka take, kowace kalma da hawanta da saukarta. Saboda haka kalangun Shata yakan faɗi amshin waƙa tun 'yan amshi ba su buɗe baki ba, har mai sauraro ya gane wanda za a wasa daga kiɗan kaɗai.

Wasu sukan ce wai kiɗan nasa ɗaya ne, kalmomi kawai yake sakewa. A ganina ba su kasa kunne sosai ba. A saurari waƙar da ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: kiɗa ne mai natsuwa, makaɗa ba sa rige-rige da murya. Sa'an nan a saurari ta Bawa Direba. Can kalangu gudu yake yi ba tsayawa, kamar babbar mota ta ɗauko rake daga Kudan ta hau kwalta. Bakandamiya kuwa, inda yake yi wa kansa kirari, kiɗanta na da isa da taƙama, amshi yana dawowa a kai a kai kamar mai buga ƙirji. Ko waƙoƙin da ya yi wa soja lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, taku ne na masu shiga daga.

Wannan aiki fa ba a zaune ake tsara shi ba. Shata ba ya rubuta waƙa, nan take yake ƙaga ta a gaban jama'a, ya ba da amshi, makaɗa su ɗauki karinsa su mai da shi kiɗa. Ai kuwa rabin yabon na mutanen da ke bayansa ne, ko da yake ba safai ake tunawa da su ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya taɓa siyasa, har ya shugabanci jam'iyyarsa a Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Ya rasu a Kano ran 18 ga watan Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa.