Nathaniel Hawthorne: Ɗan Kwastan Da Ya Rubuta Labarin Jan Harafi

Mu da muke shan fama da 'yan kwastan a bakin iyaka, ga tarihin wani ɗan kwastan. An haifi Nathaniel Hawthorne a garin Salem na Amurka a 1804. Kakan kakansa na cikin alƙalan da suka sa aka rataye mutane bisa zargin maita a 1692, abin da ya daɗe yana damunsa. Da aka sallame shi daga aiki a 1849, sai ya rubuta littafin The Scarlet Letter. A ciki an tilasta wa Hester ɗaura jan harafi a ƙirji, alamar zina, alhali limamin cocin da ya yi mata cikin yana yawo cikin baƙar rigar malanta, jama'a na girmama shi. Hawthorne ya rasu a 1864.