Ivan Pavlov: Ɗan Firist Da Bai Yi Musun Gidan Ubansa Ba

Duk wanda ya yi karatun koyarwa, ko a Kwalejin Ilimi ta Minna ko a wata, ya ji labarin Pavlov da karnukansa. Amma kaɗan ne suka san gidan da ya fito.

An haifi Ivan Pavlov a 1849 a garin Ryazan na ƙasar Rasha. Mahaifinsa firist ne na Ikilisiyar Otodoks, shi ma aka sa shi a makarantar tauhidi domin ya gaje shi. A 1870 ya bar ta, ya shiga jami'ar Saint Petersburg, ya karanci kimiyya, daga baya kuma likitanci. A 1881 ya auri Serafima, mace mai tsoron Allah. Sun sha talauci, ɗansu na fari kuma ya rasu tun yana jariri.

Daga 1891 ya shugabanci wani ɗakin bincike a birnin, inda yake nazarin narkewar abinci a jikin karnuka. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1904. A nan ne ya lura cewa miyau yakan zubo wa kare da jin takun mai kawo abinci, tun bai ga abincin ba. Sai ya duƙufa a kan gwaji. Akan yi wa kare 'yar tiyata a kunci domin a tara miyan a ƙirga ɗigonsa. Akan kunna wata ƙara kafin a ba shi abinci, a yi ta maimaitawa, har ƙarar kaɗai ta riƙa jawo miyau. In aka ci gaba da kunna ta babu abinci, sai sabon ya dushe. Ta haka ya nuna yadda maimaici ke kafa ɗabi'a, abin da iyaye da malamai ke amfana da shi har yau.

Bayan juyin juya halin 1917, gwamnatin 'yan gurguzu ta tallafa wa bincikensa, tana kuma tsananta wa ikilisiya. Shi kansa Pavlov ya riga ya yi nisa da bangaskiyar ƙuruciyarsa, yin shiru kuwa ya fi masa sauƙi. Amma a 1924, da aka kori 'ya'yan firistoci daga makarantar likitancin soja inda yake koyarwa, sai ya ajiye muƙaminsa, domin shi ma ɗan firist ne. A zamanin Stalin ma ya rubuta wa hukuma yana ƙorafi a kan zaluncin da ake yi wa jama'a.

Ya rasu ranar 27 ga Fabrairu, 1936, yana da shekara 86. Tarbiyyar da aka yi masa a gidan mahaifinsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Saboda haka kada iyaye su gaji da koya wa 'ya'yansu gaskiya, kada kuma su fasa yi wa wanda ya yi nisa addu'a.