Wilbur Wright, Wanda Ya Sa wa Jirgin Sama Linzami

A zamanin nan mukan ga ƙananan jiragen sama marasa matuƙi suna shawagi, iska ta buge su amma ba su kifewa. In muka bi sawun wannan hikima, za ta kai mu shagon wani mai gyaran keke, wato Wilbur Wright.

An haife shi ran 16 ga Afrilu 1867 a Jihar Indiana ta Amurka. Mahaifinsa, Milton Wright, bishop ne. Wilbur ya yi niyyar shiga jami'a, amma yana ɗan shekara 18 aka buge shi a fuska da sanda wurin wasa, haƙoransa na gaba suka zube. Sai ya zauna gida yana karatu, yana kuma jinyar mahaifiyarsa mai fama da tarin fuka, har ta rasu a 1889. A 1892 shi da ƙanensa Orville suka buɗe shagon kekuna a garin Dayton.

A 1896 wani Bajamushe, Otto Lilienthal, ya faɗo da jirginsa marar inji, ya mutu. Labarin ya tsaya wa Wilbur a rai. Ya gane cewa tashi kaɗai bai isa ba, sai mutum ya iya riƙe jirgi daidai sa'ad da iska ta karkatar da shi. Mai keke ya riga ya san wannan, gama keke ba ya tsayuwa sai mahayinsa yana gyara shi kowane lokaci.

Ya lura da ungulaye, ya ga sukan murɗa bakin fikafikansu su daidaita. A 1899 ya gwada dabarar a kan ɗan jirgin da ake riƙewa da igiya, ta kuwa yi. Amma jirgin da suka gina a 1901 bai tashi yadda lissafin littattafai ya nuna ba. Maimakon su fid da rai, suka ƙera akwati mai tsawon ƙafa 6, fanka tana hura iska ciki, suka auna ƙananan fikafikai wajen 200. A 1902 suka sa wa jirgin wutsiya mai motsi. Ta haka suka mallaki motsi uku: ɗaga kai da sunkuyawa, karkata gefe, da juyawa dama ko hagu.

Ran 17 ga Disamba 1903, kusa da Kitty Hawk, Orville ya tashi da jirgi mai inji na daƙiƙa 12. A tashi na huɗu Wilbur ya yi daƙiƙa 59, ya ci ƙafa 852. A 1908 ya nuna jirginsu a Faransa, jama'a suka sha mamakin yadda yake kewayawa a sama. Zazzaɓin taifod ya yi ajalinsa ran 30 ga Mayu 1912, yana da shekara 45.

Yau a jirgi marar matuƙi na'urori ne ke auna karkatarsa da gudun iska, ƙaramar kwamfuta kuma ta gyara fikafikai sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Amma motsin nan uku ne dai take tsaro.

Mu ɗalibai, bari mu riƙe wannan: Wilbur bai taka jami'a ba, amma da lissafi ya ƙi, bai zargi iska ba. Ya koma ya sake aunawa.