Tuna baya: Jibo Bakari, jagoran Sawaba da ya ce a'a ga Faransa

 Yau a filinmu na tuna baya za mu ɗauko rayuwar Jibo Bakari, mutumin da ya kwashe shekara 50 da ɗoriya cikin siyasar Nijar. Mulkinsa bai kai shekara 2 ba, amma har gobe in aka ce raƙumi da giwa, tsofaffinmu sun san inda aka dosa.

An haife shi a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Garinsu ɗaya da Jori Hamani, kuma ƴan uwa ne na jini. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, ya dawo ya zama mushen lakkol. Da aka kafa jam'iyyar PPN a 1946, wadda ta zama reshen RDA mai alamar giwa, yana cikin matasan da suka riƙe ta, har ya zama babban sakatarenta. Sun raba gari ne wajen 1950, lokacin da shugabannin RDA suka zaɓi sassautawa da Turawan mulki. Jibo bai yarda ba. Ya koma wajen ma'aikata da leburori yana haɗa su cikin ƙungiyoyin ƙwadago, kuma a 1954 ya kafa jam'iyyarsa, UDN.

Nan ne labarin ya iso ƙasarmu. Jibo ba Bahaushe ba ne, amma sunan da jama'a suka san tafiyarsa da shi na Hausa ne: Sawaba, wato samun sauƙi bayan wuya. Kalmar nan ita ce ƴan NEPU na Malam Aminu Kano suke ɗagawa tun 1950, kuma tsakanin Maraɗi, Katsina da Kano iyaka ba ta taɓa tsayar da magana ba. Zamanin gyaɗa ne. Manomi ya yi noma, kamfanonin Turawa su yanka farashi, ga lanho a wuya, ga dogaran sarki a ƙofa. Direbobi, ƴan kamasho, teloli, mahauta da ƙananan ƴan kasuwa, su ne suka yi ta kai saƙon Sawaba kasuwa-kasuwa, daga Maraɗi zuwa Tasawa har Damagaram. Alamarsu raƙumi.

A 1956 Jibo ya haɗe da jam'iyyar BNA, wadda sarakuna da yawa ke bayanta, kuma a ƙarshen shekarar ya zama magajin garin Yamai na farko da aka zaɓa. A zaɓen Maris 1957 suka ci kujeru 41 cikin 60. Jibo ya jagoranci gwamnatin ƴan ƙasa ta farko, ɗan Maraɗi Georges Condat kuma ya shugabanci majalisa. Sai dai haɗin talaka da sarki bai yi ƙarko ba, musamman da gwamnatin ta fara tuɓe wasu sarakuna.

To, sai ga 1958. Janar Dagol ya kawo zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba: wanda ya ce i ya zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, wanda ya ce a'a ya ɗauki ƴancinsa nan take, ba tallafi. Jibo ya kira jama'a su ce a'a, kamar Seku Ture na Gine. Amma Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba. A arewa ana yaƙin Aljeriya, a kudu Najeriya na dab da ƴanci, kuma a 1957 an gano alamun yuraniyom a Azelik. Aka turo sabon gwamna, Colombani, ya ja sarakuna gefensa. Isufu Saidu Zarmakwai da wasu abokan tafiya suka juya wa Jibo baya. Sakamakon da aka bayyana: i kashi 78 cikin 100, a'a kashi 22, kuma mafi yawan masu rajista ba su ma fito ba. Cikin Oktoba gwamnatinsa ta faɗi, a Disamba Jori ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba. Ƴancin da aka kore shi dominsa, shi aka ba Nijar ranar 3 ga Agusta 1960, yana gudun hijira.

Daga nan hanya ta yi duhu, kuma ba za mu ɓoye ba. Daga Mali ya koma Gana, ya zaɓi bindiga. An horar da matasan Sawaba a Sin, Aljeriya da Biyetnam ta Arewa, kuma a ƙarshen 1964 suka kutso ta iyakoki, har da ta Najeriya. Sun zaci talakawa za su tashi tare da su. Ba a tashi ba. Aka kama su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A Afrilu 1965 aka jefa wa Jori gurneti a filin idin sallar layya, ya tsira, wani yaro ya rasu. Abin da ya biyo baya kame ne da duka da kurkuku, kuma da yawa ba su dawo ba. Jagora yana waje, talakan da ya bi raƙumi shi ya sha wuta a gida. Wannan nauyi yana kan gwamnatin lokacin, yana kuma kan wanda ya tura yaran.

Bayan kifar da Nkuruma a 1966 ya zauna Gine. Da Seyni Kunce ya kifar da Jori ranar 15 ga Afrilu 1974, Jibo ya dawo gida, amma a 1975 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, sai cikin shekarun 1980 ya samu kansa. Da dimokuraɗiyya ta dawo ya farfaɗo da Sawaba, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, zaɓen da Mahamman Usman ya ci. Ko kashi 2 cikin 100 bai samu ba. Zamani ya wuce, masu jefa ƙuri'a ƴaƴa ne da jikoki. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Yau gadar Farie da ke kan kogin Isa sunansa take ɗauke da shi. Amma direbobi da manoman gyaɗa da suka ɗauki Sawaba a kai, sunansu ba ya kan wata gada. Shi ya sa muke roƙon matasa, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da suka ga zamanin raƙumi da giwa, ku zauna ku tambaye su tun suna raye. Ku na nesa, waya ta isa. Allah ya jiƙan magabata, ya ba ƙasarmu sawaba da zaman lafiya.